Yadda Ake Koyon Japananci na Yau da Kullum: Daga Gaisuwa Zuwa Sarrafa Aikatau

Abin da ke korar mutane daga Japananci tun ba su taɓa shi ba shi ne rubutunsa. Mutum ya ji an ce haruffan kanji, wato waɗanda aka aro daga rubutun Sinanci, da gwamnatin Japan ta tsayar don amfanin yau da kullum, a jerin da ta sabunta a 2010, sun kai 2,136, sai ya ce wannan ba tafiyarsa ba ce. Alhali magana daban, rubutu daban. Harshen da ake sayen abinci da shi a kanti, ake tambayar hanyar tashar jirgi, ake gaida maƙwabci, yana tsaye ne a kan 'yan kalaman gaisuwa da kuma aikatau mai matuƙar bin ƙa'ida. A duk harshen, aikatau biyu kacal ne suka bauɗe gaba ɗaya. Wanda ya iya juya wutsiyar aikatau ya kama Japananci a inda ya dace, don haka a nan za mu fi daɗewa.

Mataki na farko: gyara kunne da baki

Bahaushe ya shigo wannan fage da jarinsa a hannu. Wasulan Japananci biyar ne, a, i, u, e, o, irin namu, sai dai ba a turo leɓe sosai wajen faɗin u. Kusan kowace gaɓa baƙi ce da wasali: ta-be-ma-su, na-ma-e.

Abin da ke wahalar da Bature, mu mun tashi da shi. Mun san garin da ake zama a ciki da garin da ake tuwo da shi jan wasali ne ya raba su. Haka *obasan* gwaggo ce ko inna, *obaasan* kuwa kaka. *Ojisan* kawu ne ko baffa, *ojiisan* kaka namiji. *Biru* dogon bene ne, *biiru* giya. A wannan rubutu, duk inda ka ga wasali iri ɗaya sau biyu a jere, ka ja shi. Mun kuma san bambancin daba da dabba, to haka *kite* na nufin zo, *kitte* kuwa kan sarki ne na wasiƙa.

Inda aka rubuta ch, karanta shi c ɗinmu. *Fu* da leɓɓa biyu ake hura shi, kamar f ɗin Bakano. A r, harshe ya taɓa dasashi sau ɗaya ya sauka, ba a kaɗa shi. Wurin da za ka yi hattara shi ne *tsu*: ba ts ɗinmu ba ne na tsuntsu da ake matse maƙogwaro, t da s ne a sake. Sannan u na ƙarshen *desu* da *masu* kusan haɗiye shi ake yi, sai ka ji "des" da "mas". Akwai karin sauti ma: a bakin mutanen Tokiyo, *ame* da aka fara sama aka sauko ruwan sama ne, wanda aka fara ƙasa aka hau kuwa alewa. Kunnenka zai kama wannan da kansa in kana saurare.

Mataki na biyu: hiragana

Haruffa 46 ne, kowanne gaɓa guda. Ɗauki layi ɗaya a rana, misali ka, ki, ku, ke, ko, ka rubuta da biro a littafi har hannu ya saba. Mako biyu sun isa. Daga nan katakana, su ma 46, waɗanda ake rubuta kalmomin aro da sunayen ƙasashen waje da su: ナイジェリア Naijeria, ニジェール Nijeeru. Kada ka tsallake hiragana, domin da ita ake rubuta wutsiyar aikatau. A 食べます, harafin farko ne kaɗai kanji, duk abin da ke canzawa yana cikin ukun da suka biyo baya. Kanji ya jira tukuna.

Mataki na uku: gaisuwa

Da safe *ohayoo gozaimasu*, da rana *konnichiwa*, bayan faɗuwar rana *konbanwa*, in za a kwanta *oyasuminasai*. Ana faɗa tare da ɗan rusunawa, ba a cika miƙa hannu ba. Gaisuwarsu gajeriya ce ƙwarai. Babu ina gida, ina yara, ina gajiya. *Ogenki desu ka*, wato kana lafiya, sai ga wanda aka kwana biyu ba a gani ba. Abin da ke cike wannan gurbi shi ne zancen yanayi: wani ya ce *atsui desu ne*, ana zafi ko, ka amsa *soo desu ne*, haka ne kuwa.

Amma akwai wasu kalamai da za su yi wa Bahaushe daɗi, don suna tafiya bibbiyu kamar namu. Mai fita daga gida ya ce *ittekimasu*, na tafi sai na dawo, na gida su ce *itterasshai*, a dawo lafiya. In ya dawo ya ce *tadaima*, a ce masa *okaerinasai*, sannu da dawowa. Kafin a sa hannu a abinci *itadakimasu*, bayan an gama *gochisoosama deshita*. A wurin aiki kuwa *otsukaresama desu* ita ce sannu da aiki, kuma za ka ji ta daga safe har dare. Wanda zai riga abokan aiki tashi ya ce *osaki ni shitsurei shimasu*. Mai shiga gidan wani ya cire takalmi a bakin ƙofa ya ce *ojamashimasu*.

Godiya *arigatoo gozaimasu*. Sai dai kalmar da za ka fi buƙata ita ce *sumimasen*. Da ita ake kiran mai kawo abinci, da ita ake ba da haƙuri in an taka ƙafar wani a jirgi, da ita ake gode wa wanda ya wahala dominka. *Sayoonara* da kowa ya sani tana da nauyi, kamar rabuwar da za a daɗe. Ga aboki ka ce *ja, mata*, sai anjima, ko *mata ashita*, sai gobe. Ga babba *shitsurei shimasu*.

Gabatar da kai jimla huɗu ne, ka haddace su a haɗe:

*Hajimemashite. Musa desu. Naijeria kara kimashita. Yoroshiku onegaishimasu.*

Wato: yau muka fara haɗuwa, ni ne Musa, daga Najeriya na zo, ina roƙon a riƙe ni da alheri. Sunan kowa ka liƙa masa *-san*, mace ko namiji, amma kada ka taɓa liƙa wa naka. Malami da likita *sensei* ake ce musu. Ka kuma guji *anata*, wato kai ko ke, duk da tana cikin ƙamus; kiran mutum da sunansa ya fi ladabi, ko da kuwa yana gabanka.

Ka tanadi kalaman ceto tun yanzu: *wakarimasen*, ban gane ba, *moo ichido onegaishimasu*, a maimaita don Allah, *yukkuri onegaishimasu*, a hankali don Allah. Sannan ka san Bajapane ba ya son cewa a'a ɓaro-ɓaro. In ka gayyace shi ya ce *ashita wa chotto...* ya bar maganar a rataye, ya ƙi ke nan cikin kunya, kada ka matsa. Haka *hai* da yake ta jefawa kana magana sau da yawa "to, ina jinka" ce kawai.

Mataki na huɗu: juya jimla

Mu muna cewa na sha ruwa. Su aikatau ne ke zuwa ƙarshe ko da yaushe: *mizu o nomimashita*, ruwa na sha. Abin da ke nuna aikin kowace kalma wasu ƙananan haruffa ne da ke bin bayanta.

*Wa* na nuna abin da ake magana a kai: *watashi wa gakusei desu*, ni ɗalibi ne. *Desu* ita ce ne da ce ɗinmu, ba ruwanta da jinsi ko jam'i, kuma korewarta *ja arimasen*. *O* na bin abin da aiki ya faɗa wa: *gohan o tabemasu*, zan ci abinci. *Ni* na nuna inda aka nufa: *gakkoo ni ikimasu*, zan tafi makaranta. *De* na nuna inda aikin ke faruwa ko abin da aka yi shi da shi: *ichiba de niku o kaimasu*, zan sayi nama a kasuwa, *basu de ikimasu*, a bas zan tafi. *No* ta mallaka ce, amma mai abu ne ke gaba: *Musa-san no kuruma*, motar Musa. Tambaya kuwa ba ta da wahala ko kaɗan, ka sa *ka* a ƙarshe: *ikimasu ka*, za ka tafi?

A rubuce, *wa* ɗin nan da harafin ha (は) ake rubuta ta, *o* kuma da を. Bambancin *wa* da *ga* batu ne da masana suka cika littattafai a kai. Shawarata kada ka tsaya nan yanzu. Ka riƙe cewa *ga* na tafiya da *arimasu*, *imasu*, *wakarimasu* da *suki desu*: *Nihongo ga wakarimasu*, ina jin Japananci, *ocha ga suki desu*, ina son shayi. Sauran zai zo da saurare. Kuma in an riga an san kai ke magana, yar da *watashi wa*. Yawan maimaita ta alamar baƙo ce.

Mataki na biyar: wutsiyar masu

Duba yadda Hausa ke yi: na ci, nakan ci, zan ci, ban ci ba. "Ci" na nan yadda yake, abin da ke gabansa ne ke sauyawa, kuma yana sauyawa da mutum: na, ka, kin, ya, ta, mun. Japananci akasin haka ne. Ba ruwan aikatau da wanda ya yi aikin, ni ko ke ko su duk ɗaya ne. Wutsiya ce kawai ke juyawa, kuma huɗu ne:

*tabemasu*: zan ci, ko nakan ci
*tabemasen*: ba zan ci ba, ko ba na ci
*tabemashita*: na ci
*tabemasen deshita*: ban ci ba

Babu wata siga ta daban don lokaci mai zuwa. Kalmar lokaci ce ke rabewa: *ashita ikimasu*, gobe zan tafi, *mainichi ikimasu*, kullum nakan tafi. Haɗa da *kinoo*, jiya, da *kyoo*, yau. Waɗannan wutsiyoyi huɗu suna hawa kan kowane aikatau a harshen, babu togaciya.

Fara da na zirga-zirgar yini: *okimasu* tashi daga barci, *ikimasu* tafi, *kimasu* zo, *kaerimasu* koma gida, *nomimasu* sha, *mimasu* kalla, *kikimasu* saurara ko tambaya, *yomimasu* karanta, *kakimasu* rubuta, *hanashimasu* yi magana, *kaimasu* saya, *nemasu* kwanta barci, *shimasu* yi. Wannan na ƙarshen yana da albarka, don ana jingina masa suna ya zama aiki: *benkyoo shimasu* yi karatu, *denwa shimasu* buga waya, *ryoori shimasu* yi girki.

Atisayen da na fi yarda da shi: kowane dare ka rubuta jimla biyar kan abin da ka yi yau da *-mashita*, biyar kan na gobe da *-masu*, ka karanta su da ƙarfi. *Kyoo ichiba ni ikimashita. Niku o kaimashita. Sakana wa kaimasen deshita.* Yau na je kasuwa, na sayi nama, kifi kam ban saya ba.

In waɗannan sun zauna, cire *masu* ka gwada wasu wutsiyoyin a gurbinta. *Tabemashoo*, mu ci. *Tabemasen ka*, ko za ka ci, wadda ita ce gayyata ta ladabi. *Tabetai desu*, ina son in ci. *Nihon ni ikitai desu*, ina son zuwa Japan. "Akwai" kuma kashi biyu ce: *imasu* ga mai rai da ke motsi, mutum ko dabba, *arimasu* ga sauran abubuwa. *Kodomo ga imasu*, akwai yara ko ina da yara. *Okane ga arimasen*, babu kuɗi.

Dalilin da ya sa na ce a fara da *masu* shi ne ita ce sigar da ba za ta ja maka abin kunya ba a gaban kowa, daga mai kanti har shugaban makaranta. Matasa da yawa suna ɗauko Japanancinsu daga finafinan zane na anime, inda jarumai ke jifan juna da *omae* da *temee*, wato "kai" na gatsali. Wannan maganar faɗa ce ko ta abokan wasa. Ka faɗa wa dattijo ita, ka zubar da mutuncinka a take.

Mataki na shida: sigar ƙamus da rukunai uku

In ka nemi *nomimasu* a ƙamus ba za ka same shi ba, *nomu* za ka gani. Kowane aikatau a ƙamus da sautin u yake ƙarewa, kuma dole ka san rukuninsa.

Rukunin da ake kira *ichidan* ya fi sauƙi. Suna ƙarewa da -iru ko -eru, ka yanke ru ka sa abin da kake so: *taberu* ya zama *tabemasu*, *miru* ya zama *mimasu*. Rukunin *godan* shi ne mafi yawa. A nan u na ƙarshe ke komawa i: *kaku* zuwa *kakimasu*, *nomu* zuwa *nomimasu*, *kau* zuwa *kaimasu*. Lura da *hanasu* da ke zama *hanashimasu*, da *matsu*, jira, da ke zama *machimasu*. Sai bauɗaɗɗun biyu: *suru* ya zama *shimasu*, *kuru* ya zama *kimasu*.

Akwai tarko a nan. Wasu suna ƙarewa da -iru ko -eru amma 'yan *godan* ne: *kaeru* koma gida, *hairu* shiga, *hashiru* gudu, *kiru* yanka, *shiru* sani, *iru* buƙata. Shi ya sa ake cewa *kaerimasu* da *hairimasu*. Ka rubuta shidan nan a bangon littafinka. Daga yau kuma, duk sabon aikatau ka rubuta shi da sigar ƙamus da ta *masu* gefe da gefe.

Mataki na bakwai: sigar te

Nan ne ɗalibai da yawa ke sarewa, kuma nan ne harshen ke buɗewa. Ga *ichidan* babu wahala: *tabete*, *mite*. *Suru* ya zama *shite*, *kuru* ya zama *kite*. *Godan* ne ke son haddace, kuma gaɓar ƙarshe ce ke hukunci.

Masu ƙarewa da u, tsu, ru suna komawa *-tte*: *katte*, *matte*, *kaette*. Masu mu, bu, nu suna komawa *-nde*: *nonde*, *yonde*, *asonde* daga *asobu*, yin wasa. Ku na komawa *-ite*: *kaite*, *kiite*. Gu na komawa *-ide*: *oyoide* daga *oyogu*, iyo. Su na komawa *-shite*: *hanashite*. Ɗaya ne ya fita zakka: *iku*, tafi, *itte* yake zama. Ka rera su da kari irin na karatun allo, u-tsu-ru tte, mu-bu-nu nde, har su zauna a baki ba sai ka yi tunani ba. A nan ma kunnen daba da dabba zai yi maka rana, don *kite* zo ne, *kitte* yanka, *kiite* saurara.

Ga ribar wahalar. Sa *kudasai* ka samu roƙo: *chotto matte kudasai*, ɗan jira don Allah, *kaite kudasai*, rubuta mini. Sa *imasu* ka samu aikin da ake cikin yi, wanda *masu* kaɗai ba ta bayarwa: *ima tabete imasu*, ina cin abinci yanzu. Ita ce kuma ta halin da ake ciki: *Kano ni sunde imasu*, a Kano nake zaune, *kekkon shite imasu*, ina da aure, *shitte imasu*, na sani, amma ban sani ba *shirimasen* ne. Sa *mo ii desu ka* ka nemi izini: *haitte mo ii desu ka*, in shigo? *shashin o totte mo ii desu ka*, zan iya ɗaukar hoto? Da ita kuma ake jera ayyuka, wutsiyar ƙarshe kaɗai ta ɗauki lokaci: *okite, gohan o tabete, gakkoo ni ikimashita*, na tashi na ci abinci na tafi makaranta.

Wanda ya iya *te* ya samu shuɗaɗɗen lokaci na maganar abokai kyauta: *te* ta koma *ta*, *de* ta koma *da*, sai a samu *tabeta*, *nonda*, *itta*. Korewar wannan siga da *-nai* ake yi: *tabenai*, *minai*, a *godan* kuma u ya koma a, *kakanai*, *nomanai*, sai *kau* da ke zama *kawanai*, bauɗaɗɗun su ne *shinai* da *konai*. A yanzu abin da za ka fi amfana da shi daga nan shi ne hani: *wasurenai de kudasai*, kada ka manta.

Mataki na takwas: kanti da gidan abinci

Ƙidaya: *ichi, ni, san, yon, go, roku, nana, hachi, kyuu, juu*. 11 *juu-ichi*, 20 *ni-juu*, 100 *hyaku*, 1,000 *sen*. Inda lissafi ke rikicewa shi ne suna da kalma ta musamman ga 10,000, wato *man*, don haka 50,000 *go-man* ne, 100,000 kuwa *juu-man*. Kuɗinsu da muke ce wa yen, su *en* suke cewa.

Ka shiga ɗaya daga cikin ƙananan kantunan da suke kira *konbini*, irin su 7-Eleven, Lawson ko FamilyMart, za a tarbe ka da *irasshaimase*. Ba a amsawa. Nuna abu ka ce *kore wa ikura desu ka*, nawa ne wannan, sannan *kore o kudasai*, a ba ni wannan. *Kore* na kusa da kai ne, *sore* na kusa da wanda kake wa magana, *are* na can nesa. Farashin da aka liƙa shi ne farashi, ba a tayi. Tun watan Yuli na 2020 ake biyan kuɗin leda, don haka mai kanti zai tambaye ka ko kana son *fukuro*. In kana so, *hai, onegaishimasu*. In ba ka so, *daijoobu desu*. In abinci ka saya zai ce *atatamemasu ka*, a ɗumama?

Ga Musulmi, wasu jimloli sun fi gaisuwa ma muhimmanci: *Musurimu desu. Butaniku wa tabemasen. Osake wa nomimasen.* Ni Musulmi ne, ba na cin naman alade, ba na shan giya. Tambayar da za ka yi ta yi ita ce *kore ni butaniku ga haitte imasu ka*, akwai naman alade a cikin wannan? Ka tambayi *mirin* ma, wata giyar shinkafa mai zaƙi da ake zubawa a girki da yawa ba tare da an ɗauke ta a bakin komai ba. *Tonkatsu* soyayyen naman alade ne, *tonkotsu* kuma romon ƙashinsa da ake yin taliyar *raamen* da shi. Na ce kanji ya jira, amma biyun nan ka koye su yau: 豚 alade, 酒 giya. A bayan fakiti ka duba ポーク da ラード, naman alade da kitsensa ke nan a katakana. Lokacin salla ka ce *koko de oinori o shite mo ii desu ka*, zan iya salla a nan, ko *mosuku wa doko desu ka*, ina masallaci. Akwai masallatai a manyan birane, ciki har da na Kobe da aka gina a 1935 da Tokyo Camii da ke unguwar Shibuya.

In kana son shaidar takarda, jarrabawar ƙwarewa a Japananci da ake kira JLPT tana da matakai biyar, daga N5 na mafari zuwa N1, ana yin ta a Yuli da Disamba, a wasu ƙasashen sau ɗaya a shekara. Kusan duk nahawun da ke sama na matakin N5 ne. Mai neman tallafin karatu na gwamnatin Japan, wanda ake kira MEXT, yana iya nema ta ofishin jakadancin Japan, kuma can ne ya dace a tambayi inda ake zana jarrabawar mafi kusa. Sai dai JLPT karatu da saurare kawai take gwadawa, babu ɓangaren magana. Wannan sai ka gwada kanka: ɗauki jimlolin darenka a waya, ka saurari Bajapane a shirye-shiryen koyarwa na NHK, gidan rediyo da talabijin na Japan, ko darussan kyauta na cibiyar Japan Foundation, ka kwatanta, ka sake ɗauka a inda wasalinka ya gajarta ko u ɗin *desu* ya fito fili.